Shayin Ƙarfe Huɗu da Ban Taɓa Sha Ba

Zuwa ga Falmata,

Assalamu alaiki. Allah Ya haskaka kabarinki. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, tunda ni da na yi boko har Ingila ban taɓa zama na koya miki ko baƙi ɗaya ba.

Ruwa ya sake cinye shinkafar ƙaninki Bukar a Kirikasamma. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan, kowa yana kallo. Aikin da aka tura ni na koyo ke nan, raba ruwa ga gonaki, ga shi na tsufa ciyawa ta fi ni iko da kogin. Yaran ofis na yanzu ba su san sunana ba. A cikin Haɗeja kuwa har yau Malam Ƙarfe Huɗu ake ce mini.

Autarki Hauwa ta sami gurbin ƙaro karatu a Ingila, wata mai zuwa za ta tafi. Ta roƙe ni in rubuta mata sunayen wuraren da na fi son shan shayin yamma a can, wai za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta turo mini hotuna. Kwana shida ke nan ina kallon farar takarda. Ke ya kamata ki fara ji.

Falmata, ban taɓa shan shayin nan ba.

Sau ɗaya na shiga gidan shayi a can. Wata Asabar ce, ana yayyafi, a wani ɗan gari kusa da tashar jirgin ƙasa. Aka zaunar da ni, aka jera mini wuƙaƙe da cokula, aka kawo faranti mai hawa uku. Na rasa da wanne ake farawa. Wata tsohuwa a teburin kusa ta dube ni ta yi murmushi, mai yiwuwa ma na kirki ne. Sai na miƙe kamar na manta wani abu, na fita kafin butar ta iso. Sauran wuraren da na cika miki kunne da su, mai lambu da na bakin teku da na cikin babban otal, daga waje na gan su, ta gilashi. Kofunan nan masu furanni a kasuwar gwanjo na saya ana gobe zan taho.

Da wannan na mulke ki shekara talatin da takwas. Kullum ƙarfe huɗu, ina dawowa daga sallar la'asar, sai in tarar da tebur a gindin darbejiya, da ƙyalle fari, da madara a wani ɗan tulu daban. Lokacin ne mata ke yafa mayafi su fita barka da biki da gaisuwar rasuwa. Ke kina tsaye da tire. Bikin suna nawa kika rasa? Ranar sadakar uku ta mahaifiyar aminiyarki Ladi, sai da na gama kofi na biyu kika fita, kika tarar an watse. Ban manta ba.

Ga kuma ɗan burodin nan da suke kira sikon. Na kwatanta miki shi yadda idona ya gani, kika kai alkamarmu inji, kika gasa a tukunya da yashi a ƙasa, garwashi a murfi. Kika tace kindirmo ya yi kauri, kika dafa mangwaro da sukari. Kullum in gutsura in ce bai kai na can ba. Na can wanne? Da me nake gwadawa?

Akwai ranar da ba ta barina. Na ce ya yi tauri. Washegari kika kawo ragowar na jiyan, na gane shi da ƙunar gefensa bayan na riga na ce ya yi laushi da yawa. Kika dube ni, kika ƙara mini shayi. Kin sani ke nan? Tun yaushe? Kika rufa mini asiri a gaban 'ya'yana, kika ci gaba da hura garwashi? Da kin yi mini dariya ranar, da yanzu ina iya haɗiye abinci.

Kofi shida ne a kabad. Ban taɓa cewa ki ɗauki ɗaya ki zauna ba.

Zan iya ƙirƙiro wa Hauwa sunaye, in ta nema ta rasa in ce an rushe su. Jiya har na fara, na yage. Gobe bayan la'asar zan kira ta, in zaunar da ita a kujerar da ban taɓa ba ki ba, in faɗa mata duka. Ban san da wane ido za ta dube ni ba.

A takardar wuri ɗaya na rubuta: gindin darbejiya, gidanmu, hannun mahaifiyarki. Na ƙara a ƙasa cewa an rufe wurin tun ranar da muka kai ki makwancinki.

Ki yafe mini, in ana yafewa daga can. Sai na zo.

Mijinki da bai taɓa cewa ya yi daɗi ba,
Usman