Hazon da Bai Washe wa Baba Ba

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma sauƙaƙa muku zaman Fatakwal. Mu nan kowa lafiya. Damina ta yi albarka, har katangar bayan gida ta gaji da tsayuwa ta zauna.

Maganar idon Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya kullum sai ka ce a kai shi asibiti ka kashe, kamar Baba akuya ce da za a ja da igiya. Ka san mutuminka. Shekara biyu ke nan yana rantsuwa idonsa ras, alhali ran nan na tarar da shi yana gaida turmi a zaure, har da tambayar iyali. Rawunan da yake rinawa kuwa sun fara fitowa wani ya yi duhu wani bai sha ba, ya ce shunin zamani ne ba shi da albarka. Abokinsa Malam Arthur na Wusasa, wanda aka cire wa yanar ido bara, ya zo har gida ya yi ta lallashi, Baba ya ce shi marini ne, ba ya ba da aron ido. Ni dai tsorona kada wata rana ya zurma cikin rijiyar marina.

To, Radiya tawa ta zo hutu da sabuwar sana'a. In an kwana ana ruwa, gari na wayewa sai ta nufi bakin ganuwa ɗaukar hoton hazo. Hazo fa, Yaya! Na ce mata mutane jira suke gari ya washe su ɗauki hoto, ita tana gudu kada ya washe. Ta ce ban gane ba, hazon ne ke ɓoye ledoji da wayoyin lantarki, ya bar abin da ya kamata a gani. Amma wai dole a sami abu ɗaya mai duhu a gaba, itace ko mutum, in ba haka ba hoton ya fito kamar an zuba koko a faranti. Shi ne ta tare kakan nata, wanda take ce wa angona, yana dawowa daga masallaci, ta tsayar da shi kusa da rimin nan, da sabon rawanin da ya rina a kafaɗa. Ta hana shi tsakiya, wai gefe ya fi kyau. Ya tsaya yana mita, wai ta mai da shi turke.

Da suka dawo ta zauna da wayarta ta zare launin hoton kaf, ya koma baƙi da fari. Ta ƙara wa rimin da rawanin duhu, ta bar ganuwa tana narkewa can baya. Ya yi kyau, ko da yake ban faɗa mata ba. Ni da bakina da ba ya riƙe magana, na kai wa Baba labari. Sai faɗa. Shekara hamsin yana zuba launi a zane, har yau hannunsa bai dawo kalar hannun mutane ba, jika ta zo da yatsa ɗaya ta kwashe! Ya ce a kawo masa duka biyun, mai launin da wanda aka yi wa fashi, zai kunyata ta a gaban kowa.

Ta miƙa masa mai launin, ya taɓe baki ya ce ga shi nan, kamar an wanke da ruwan toka. Ta nuna masa baƙi da farin, sai fuskarsa ta saki, ya ce yauwa, ga shuni, mu dubi yadda rawanin yake sheƙi, ko ubansa bai taɓa rina irinsa ba. Dariya ta taso mini har wuya, sai na ga idon Radiya ya cika. Ta durƙusa ta gaya masa gaskiya.

Baba ya sake ƙura wa hoton ido. Can ya ɗaga kai ya dubi tsakar gida, rana tsaka fa, ya tambaye mu ko a wajenmu hazon ya riga ya washe. Muka ce tun hantsi. Ya ce shi nasa shekara biyu ke nan bai washe ba. Wallahi Yaya, sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Ya yarda a yi masa aikin, an sa ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Sharaɗinsa ɗaya, ba zai kwanta a gaban likita ba sai kana wurin. Wai in an buɗe idon kai yake so ya fara gani, ya tabbatar ko furfurar da nake cewa ka yi gaskiya ce ko sharrina ne. Shekara huɗu ba ka taka gidan nan ba. Kada ka ce aiki ya riƙe ka, don in ba ka zo ba zai fasa, kai ma ka sani.

Ka gaida Anti Ibtisam da Suhaib, Radiya ma tana gaishe ku. Ta wanke hoton, na sa maka a cikin ambulan. Ka dube shi da kyau kafin ka ba ni amsa, don haka Baba yake ganinmu.

Ƙanwarka,
Sailuba