Ba Zan Ba Malamin Zarah Haƙuri Ba

Thamesmead, Landan.

Zuwa ga angona Muhsin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke faɗa da matakalar benenmu kullum. Babarku tana nan tana fama da aikin asibiti. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a ajin yaƙi da jahilci na yi digirina.

Saƙonka ya iso, wai in je in ba malamin ƙanwarka Zarah haƙuri don na ɓata mata karatu. Kai da kake Zariya wutsiyar zance ka kama, to zauna in ba ka kansa. Watan jiya Zarah ta kawo takarda, ta ce malaminta na ilimin halayyar ɗan Adam yana neman tsofaffi a gwada ƙarfin tunawarsu. Na ce ai sun zo gidan, ni da har yau nake tuna ranar da ka sace min ƙuli ka ce ɓera ne. Na sa hannu ban nemi a karanta min ba, na kuma jawo ƙawata Nanret, mutuniyar Pankshin da ke zaune a hawan ƙasa da namu, ita ma ta sa. Wa yake bincikar abin da jikarsa ta miƙo masa? Ashe malamin ya san halinmu, shi ya sa ya aiko ta.

Ranar gwajin aka zaunar da mu a wani ɗaki a jami'arsu, mu huɗu baƙar fata, tsofaffin Turawa huɗu. Ana cikin nuna mana hotuna sai ga wani ƙato da kayan masu gadi, ya ce waya ta ɓata. Ya wuce Turawan nan kamar bai gan su ba, ya zo kanmu. Jakar Nanret ya fara zazzagewa a kan tebur. Tun da aka yi mata aiki fitsari ba ya riƙuwa, tana yawo da ƙunzugun manya, abin da ko 'ya'yanta ba ta so su gani. Ga su nan a baje gaban kowa. Ta rufe fuska tana kuka. Ni kuwa, mai bakin nan da ka sani, ko tari ban yi ba. Shekara goma sha bakwai masu gadin kanti suna bin mu da ido a garin nan, har jiki ya saba da sunkuyar da kai.

Sai ga malam ya shigo yana murmushi, wai ba wayar da ta ɓata, mai gadin ma haya aka yi, so yake ya ga wa zai tanka idan an zargi baƙar fata. Ya ce ya ɗauki komai a bidiyo zai nuna a babban taro, kuma sa hannunmu ya ba shi izini.

Na tambaya aka ce jami'ar tana da kwamitin da ke sa ido kan irin wannan bincike. Muka hau bas da Nanret muka je. Kafin mu tafi Zarah ta roƙe ni in bari, na ce ta zo dai ta yi min tafinta, kada kuma ta rage wa maganata gishiri. A gaban kwamitin malam ya yi dogon Turanci, wai wariyar launin fata yake yaƙa, don mu yake yi. Na ce a gaya masa mai son sanin zafin wuta nasa yatsan yake sawa, ba na maƙwabci ba. Na ce mai gadinsa na ƙarya ne, amma kunyar da aka ba matar nan ta gaske ce. Zarah ta fassara, na zaci za ta zauna, sai ta ci gaba da tata. Ta ce ba ta san da zancen mai gadi ba, kuma ya faɗa mata idan ba ta kawo tsofaffin unguwarsu ba, ba zai sa wa aikinta hannu ba. Ban sa ta ba, Muhsin, jini ne ya motsa.

Bayan mako uku suka kira mu, aka goge bidiyon a gabanmu, Nanret ce ta danna da yatsanta. Aikin Zarah, da yake a kan wannan binciken aka gina shi, ya tafi tare da bidiyon. An ba ta wani malami, sai baɗi za ta gama. Na san da ciwo, na ga ta yi kuka, ni ma na taya ta. Amma karatu ana maimaita shi, asirin tsohuwa kuwa in ya tonu a taro ba ya komawa.

Saboda haka ba inda zan je. In ka ga dama ka sake ni, da ma kai ango ne da ba ya aiko ko goro. Haƙuri ɗaya ne a kaina, kuma na riga na bayar. Na sauka ƙasa na durƙusa da gwiwar nan gaban Nanret, na ce ta yafe min shirun da na yi.

Ka gaida matarka Murja da su Affan. Ka leƙa 'yar'uwata Inna Zaratu ka karanta mata wannan, kada ka tsallake layi ko ɗaya. Zarah tana gaishe ka, ta ce ka daina yi mata lauya.

Kakarka mai taurin kai,
Hajiya Zubaida.