Zuwa ga Hamma Buba, Mai Warkar da Rundunarmu

Yayana kuma aminina, Hamma Buba,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, irin wadda ƙani ke yi wa wansa. Da kana nan, da na fara da tambayar mahaifiyarka Dada da iyali da shanu, kai kuma ka amsa min da "jam" ɗin nan naka mai tsawo, wato "lafiya lau" da Fillanci. Tun da ba ka nan, ni zan ba ka labarinsu. Dada tana lafiya, sai ciwon gwiwa da ka sani. Matarka Adda Hauwa ta gama takaba. Yaranka sun koma makaranta, ƙaramin ya fara kama da kai a wajen tafiya.

Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba. Ina rubuta ta a shafina, inda kowa zai gani, saboda wata tambaya da aka yi min makon jiya a kemis ɗin da nake aiki. Wani mutum ya zo sayen maganin tari, ya hango wasan nan namu a buɗe a wayata, sai ya ce, "Oga Ishaya, har yanzu? Da furfurarka? Me yake riƙe ku a cikin abin nan ne?" Na yi dariya, na miƙa masa maganinsa. Amma tambayar ta biyo ni har gida. Na rasa wanda zan ba amsar, sai kai.

Saboda masu karatu da ba su san wasan ba, bari na ɗan bayyana, ka yi haƙuri da ni. Wasa ne na intanet da mutane da yawa ke shiga lokaci guda, kowa daga inda yake. Kowa da jaruminsa da aikinsa. Ana haɗa runduna, a shiga kogo a yaƙi dodon da mutum ɗaya ba ya iya kayarwa, ana yi ana magana da juna ta waya. Ni ne mai garkuwa, ina gaba ina shan duka. Kai ne mai warkarwa, kana baya kana ɗaga duk wanda ya faɗi.

Mun daɗe muna wasa tare ban san inda kake ba. Daga Hausarka mai gauraye da Fillanci na ɗauka mutumin Garwa ne kai, ko Yola. Sai wata Asabar da damina, muna tsakiyar yaƙi, aka yi wata tsawa mai ƙarfi. Na ji ta a saman rufin ɗakina a Kona, na kuma ji ta ta cikin wayarka. Nan take aka ɗauke wuta, mu biyu muka yi tsaki tare. Na tambaye ka ina kake, ka ce Mayo Gwoi, ashe duk a Jalingo muke. Ranar dodo ya cinye mu duka, don dariya ta hana ni riƙe garkuwa.

Da Litinin ta zo na nemi shagonka. Na yi tsammanin ɗan saurayi zan gani. Sai ga babban mutum da gemu, zaune a tsakanin kwalaben maganin shanu da buhunan dusa. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Ashe kai ne mai gudu gaba ba ka duba baya." Ka aika aka sayo min kindirmo. Daga ranar na fara ce maka Hamma, yadda ƙannenka ke kiranka.

Da farko, in gaskiya zan faɗa, kyan duniyar wasan ne ya kama ni. Mutum ya wuni a tsaye yana karanta rubutun likitoci, ya dawo gida ya buɗe waya, sai ga duwatsu da teku da birane a tafin hannunsa. Ga kuma daɗin hawa mataki. A wurin aiki kana iya shekara ba wanda ya ce maka sannu. A can kuwa duk ɗan ƙoƙarin da ka yi sai an nuna maka sakamakonsa, a ba ka sabon takobi, a ƙara maka ƙarfi.

Masu ƙirƙirar wasan ma ba barci suke ba. Kullum akwai 'yar kyauta ga wanda ya leƙa, in ka tsallake rana a mayar da kai farko. Kafin ka gaji da wannan kogo sun buɗe wani, su ce na ɗan lokaci ne, in ya wuce ya wuce. Kai ka riga ni gane dabarar. Kakan ce, "Kiwon mu suke yi, Ishaya. Yadda nake ba shanu kanwa kaɗan kaɗan su riƙa bina, haka suke mana." Kana faɗa kana dariya, kana kuma danna wayar ka karɓi kyautar ranar.

Amma kanwa ba ta riƙe mutum shekara da shekaru. Mun ga waɗanda suka shigo da zafi, suka tara duk wani takobi da sulke, bayan ɗan lokaci suka ɓace. Wasanni sababbi sun fito, sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, mun leƙa mun dawo. Abin da ya dawo da mu shi ne Asabar bayan la'asar akwai masu jiranmu. Malam Sule, tsohon direba a Yola, wanda matarsa ta rasu 'ya'yansa suka watsu a garuruwa. Fadimatu, ma'aikaciyar jinya a Garwa, da ke shigowa wani lokaci ko kayan aiki ba ta cire ba. In ban zo ba babu mai tare musu duka. In ba ka zo ba babu mai ɗaga su.

Ba mu taɓa zama mun tsara doka ba, amma kowa ya san in an kira magariba za mu tsaya a bakin kogo har ku idar. Kowa ya san ba a sa yaƙi ranar Lahadi da safe, Ishaya yana coci. Wani lokaci kai ne ma ke tuna musu.

Kai ne kuma mai haƙuri da sababbin shiga. Ni nakan ƙosa idan wani ya riƙa jawo mana asara, na ce a cire shi a kawo gwani. Kai sai ka ja shi gefe, ku koma ƙaramin kogo, ka yi ta nuna masa har ya iya. Kakan ce min, "Idan ka jira shi yau, gobe zai dawo. Idan ka kore shi, wa za ka yi wasan da shi baɗi?" Rabin mutanen da ke rundunar a yau ta hannunka suka zauna.

Lokacin da aka kwantar da 'yata Rahila a asibiti da zazzaɓi mai tsanani, ban gaya wa kowa ba, na dai rubuta cewa ba zan samu shigowa ba. Ashe ka leƙa kemis ka tambaya, kafin azahar sai ga ka a bakin ɗakin da kwanon fura da nono. Ba ka yi dogon surutu ba. Ka zauna a benci kusa da ni har likita ya fito ya ce ta farfaɗo. Matata, wadda da ba ta son ko ganin wayar a hannuna, ranar ta ce min in dai irin waɗannan mutane ne a ciki, ta janye ƙorafinta.

Sai mahaifinka ya rasu, ka rufe shago ka koma Lau ka riƙe gona da shanu, ka kula da Dada. Mun ɗauka mun rasa ka, don netwok a unguwarku sai a hankali. Ba a jima ba ka gano wani suri a bayan gida, kusa da tsamiya, inda waya ke kamawa. Duk Asabar sai ka hau kansa da tabarmarka. Muna yaƙi muna jin kukan maruƙa a bayanka.

Tun daga lokacin ka fara gayyatata. "Ka zo Lau, Ishaya, ka ga kogi na gaske, ba wanda aka zana ba. Ka ci kifin da aka kama a gabanka." Nakan ce to, bari mu gama da wannan sabon kogon, kada a rufe ba mu ci ba. Kai ma sai ka ce gaskiya ne, mu gama da dodon nan tukuna. Mu gama, a buɗe wani. Damina ta wuce, rani ya zo, wata daminar ta sake zagayowa. Lau kuwa ba wata uwa duniya ba ce, mutum zai shiga mota da safe ya ci abincin rana a can.

Abin da ke cina ke nan, Hamma. Da yake ina jin muryarka kowane mako, sai na ɗauka ina ganinka. Ban taɓa jin kewarka ba balle ta tashe ni na hau mota. Rabona da na sa ka a ido tun ranar da na taya ka ɗaure kaya a Mayo Gwoi.

Asabar ɗin nan ba za ta fita daga raina ba. Muka taru bayan la'asar, babu kai. Malam Sule ya ce ƙila ruwa ya rushe surin. Fadimatu ta ce a'a, saniya ce ta riga ka hawa. Muka yi ta tsokanarka, muna aika maka saƙonni. Da muka gaji da jira muka shiga ba mai warkarwa, aka yi mana kaca-kaca, muka fito muna dariya, muna cewa sai ka biya mu ranar da ka dawo.

Washegari ina fitowa daga coci Adda Hauwa ta kira ni da wayarka. Na ɗauka da fara'a, har na fara yi maka tsiya. Ta bari na gama, sannan ta ce maciji ya sare ka a gonar shinkafa, an yi na gida bai yi ba, aka ɗauko ka zuwa Jalingo, rai ya yi halinsa a hanya ranar Asabar da safe. An yi jana'iza kafin la'asar. Wato lokacin da muke ta barkwanci da sunanka, an riga an dawo daga kai ka makwancinka.

A ƙarshe dai na je Lau, zuwan ta'aziyya. Na tarar da Dada a zaune a kan tabarma, mata kewaye da ita. Na durƙusa na faɗi sunana, ina shirin bayyana mata ko ni wane ne. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ne Ishaya mai gudu gaba?" Na ce ni ne. Ta tambayi Rahila, ko ta warware sarai. Ta tambayi Malam Sule da ciwon bayansa, ta tambaya ko Fadimatu ta ci jarrabawar da ta rubuta. Ba ta san mene ne wasan ba, ita a ganinta maƙwabtanka ne mu na Jalingo. Ta ce duk Asabar kakan sauko daga surin kana dariya, ka zauna kusa da ita tana damun fura, ka ba ta labarinmu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta sha tambayarka yaushe mutanen nan za su zo, kai kuma ka ce suna nan tafe.

Aka nuna min surin. Akwai wani gefe da ya yi sumul saboda zama. Daga nan na gangara bakin kogi ni kaɗai. Ya fi yadda ka faɗa girma, Hamma. Na tsaya ina kallon masu kwalekwale har rana ta yi sanyi. Wani masunci ya yi min tayin kifi, na ce masa na gode.

Da na dawo na yi niyyar goge wasan. Sunanka yana nan a cikin rundunar, ya dushe, yadda na duk wanda ya daina shigowa yake yi. Duk lokacin da na buɗe, nan idona ke fara sauka. Na yi makonni ban leƙa ba. Sai Malam Sule ya kira ni, bai ce komai a kan wasan ba, ya dai ce gidan ya yi masa shiru da yawa. Asabar ta gaba na koma. Fadimatu ta ajiye kwari da bakanta ta karɓi aikinka. Tana ƙoƙari, amma ba ta da haƙurinka, in na ruga gaba sai ta bar ni na mutu don na koyi hankali.

To, ga amsar da ban ba mutumin kemis ba. Ba takobi ne ke riƙe mu ba, ba kuma kyautar kullum ba. Sanin cewa in ba ka zo ba akwai wanda zai tambaya, shi ne ke riƙe mutum. Ba zan zagi wasan ba, don ba don shi ba da sai mu ƙare rayuwarmu a gari ɗaya, mu riƙa wuce juna a kasuwa, ba mu san juna ba. Ba kuma zan yabe shi ba, don shi ne ya riƙa ba mu uzuri mako bayan mako, mu kuma muka riƙa karɓa da hannu biyu.

Wannan Asabar ɗin ba za mu shiga kogo ba. Shinkafar da ka bari ta nuna, kuma hannu ya yi wa gidan kaɗan. Malam Sule zai taso da motarsa daga Yola, Fadimatu ta ɗauki hutu za ta biyo shi, su ɗauke ni a Jalingo. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. A cikinmu ni kaɗai na taɓa riƙe lauje, shi ma tun ina yaro a gonar kakana. Na gaya wa Dada haka, kada ta sa rai da yawa. Ta yi dariya ta ce mu dai zo, in yankan ya gagare mu akwai korar tsuntsaye.

Allah ya jiƙanka da rahama, Hamma Buba, ya sa ka huta. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ya ba Dada da Adda Hauwa haƙuri, ya raya yaranka a kan halinka. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu ikon zuwa wurin juna tun muna da ƙafar tafiya. Amin.

Ni ne ƙaninka mai kewarka,
Ishaya,
daga Kona, Jalingo.