Tarakta Mai Taya Biyar

Litinin, 13 ga Janairu

A yi mini haƙuri, ni ba marubuciya ba ce. Ban ma san wa nake ba haƙurin ba, tunda ba mai karantawa. Daga sakandarenmu aka turo ni ajin 'yan firamare ɗaya na Malama Hrycan, in riƙa taimaka mata da rana. Aikina ɗaukar hoton abin da yara suka zana, in ɗora a shafin ajin na intanet don iyaye su gani. Na ji daɗi. Aikin ba ya buƙatar magana.

Juma'a, 17 ga Janairu

Duk Juma'a yara kan zauna a kan darduma, Malama ta karanto musu saƙonnin da 'yan gida suka bari a ƙarƙashin zanensu. Har daga Winnipeg wata gwaggo ta rubuto. Kowa ya samu, ban da Emmett. Bai yi kuka ba. Ya shige ƙarƙashin tebur ya cire takalmansa.

Laraba, 22 ga Janairu

Emmett ya zana tarakta tana ture ƙanƙara. Da na ɗaga kwamfutar hannu, sai ya kife takardar. "Anti Marnie, bar shi. Ba mai gani."

Wurin kakansa yake zaune, Dattijo Loewen mai wasa ƙarfen takalman sulu a filin hoki, wasan da ake yi a kan ƙanƙara. Ba shi da kwamfuta, wayarsa ma mai maɓalli ce. Na ce wa Malama ko in rubuta saƙo da sunansa. Ta ce, "Yaron nan ya san bakin kakansa, Marnie. Je ki sami kakan mana." Kamar abu mai sauƙi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na je har ƙofar filin, na juyo.

Asabar, 25 ga Janairu

Na shiga. Sai da dattijon ya kashe injin wasa ƙarfe kafin ya ji ni, kuma sai da na maimaita. Ya goge hannu a wando, na nuna masa zanen Emmett, ya daɗe yana kallonsa.

"'Yar nan, ke za ki rubuta? To rubuta. Ki ce: kai angon ƙarya, a ina ka taɓa ganin tarakta mai taya biyar?"

Na ce, "Baba, a gaban aji fa za a karanta."

"To ƙara da cewa direban ya fi ni kyau." Ya sake duban zanen. "Ni ne direban, ko?" Hular direban ja ce, irin tasa. Ya juya wai yana neman wani abu a kan kanta.

Juma'a, 31 ga Janairu

Malama ta miƙo mini kwamfutar, wai ni na ji muryarsa, ni zan karanta. Kunnuwana kamar su kama da wuta. Ina kaiwa kan taya biyar, daga ƙarƙashin tebur aka ce, "Ɗaya safaya ce, tsohon nan bai san komai ba." Emmett ya fito, safa kawai a ƙafarsa, ya sa na sake karantawa, ya kuma kawo wani zanen.

Bayan an tashi na biya filin hoki don in kai amsa. Dattijon ya yi dariya har da tari. Wai na cika surutu. Ni.

Na tambaye shi ko ya yarda in riƙa zuwa ranar Asabar ina rubuta masa. Ya jawo mini kujera da ƙafa.