Inna, Ban Zo Sadakar Shekararki Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƴa da mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Ƴarki ce Rabi, daga Saint-Fons, nan gefen Lyon. Baban Nana yana lafiya. Nana ma lafiya lau, tana can Paris tana karatu. Baba kuma mun yi waya jiya, ƙafar ce dai take ɗan taɓa shi.

Inna, ban zo sadakar shekararki ba. An taru a Damagaram, an sauke Alƙur'ani, an raba masa da fura, ni kuwa a ranar ina wani tsibiri a tsakiyar teku, ni da mijina, mu biyu rak. Na rubuta wannan a fili ne, inda kowa zai gani, domin tun da na dawo maganar take yawo a salula daga Bobigny ta gefen Paris har Birnin Damagaram, kowa yana ƙara mata nasa gishirin. To su matso su karanta. Da gangan na ƙi zuwa, kuma babu wanda zan ba haƙuri. Ke kaɗai ce kike da haƙƙin jin dalili.

Aurena ne yake mutuwa, Inna, ba faɗa, ba zagi. Tun da Nana ta tattara ta tafi jami'a, gidan ya yi tsit. Sai muka gano ashe shekara ashirin da biyu duk hirarmu ta Nana ce: ta ci, ta yi zazzaɓi, takalminta ya matse. Da ta tafi, ta tafi da hirar. Baban Nana ya dawo daga masana'anta, in ce sannu da aiki, ya ce yawwa sannu, ya ci abinci yana kallon labarai, shi ke nan an gama zancen yini.

Rannan ya ajiye wata takarda a kan tebur. Wai an ba shi aiki a arewacin ƙasar, zai kama ɗaki can, ya riƙa leƙo ni ƙarshen wata. Farkon Janairu ake jiran ya sa hannu. Babu fushi a fuskarsa, babu wata mace, wallahi da ma akwai da na san da wa zan yi. Ni ba yarinya ba ce. Na san akwai sakin da ba a rubuta shi, sai dai a yi ta gaisuwa a waya har a tsufa.

Kin san yadda hutunmu yake. Duk hutun da muka taɓa samu, gida muke kai shi. Muna sauka maza su janye shi ƙofar gida, mata su janye ni ciki. Sati uku ana biki, ana suna, ana gaisuwar mutuwa, ba ma sake haɗa ido sai a tashar mota ranar komawa. Ban raina zumunci ba, ke kika koya mini shi. Amma ni da mutumin nan ba mu taɓa yin kwana uku mu kaɗai ba tun da aka ɗaura.

Shi ya sa na yanki biye biyu, wato tikitin jirgi, zuwa La Réunion, tsibirin da ko sunansa ban iya faɗa daidai ba. Da na gaya masa, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni sadakarki fa. Na ce masa hutun Disamba ɗaya ne, takardarsa kuma ba za ta jira wata shekara ba. Sai ya je ya sauko da balis, akwatin tafiyarmu, daga saman kabad.

Sai kuma saƙo. Kai, Inna, mutanenmu. Magana ɗaya ta fita, wai Rabi za ta yi tafiya, kuma babu wanda ya tambayi ina. Ina kuwa ƴar Damagaram za ta je in ba Damagaram ba? Hajiya Mariyama ta Rillieux ta fara, da turare da man shafawa na ƴan uwanta. Sai masu salula, masu takalman yara, masu alawar shakola, masu maganin hawan jini. Kafin sati ya zagayo, falona babu wurin sa ƙafa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro ya kama ni. Duk wanda ya miƙo sai in karɓa, in ce Allah ya kai mu lafiya. Bakina ya kasa faɗar gaskiya har sau goma sha wani abu.

Ranar Asabar na ce ya isa. Na loda kayan a mota, na bi gida gida ina mayarwa. Maganin kaɗai na nemo mai tafiya a satin na haɗa shi da shi, don ba zan ɗauki alhakin marar lafiya ba. Hajiya Mariyama ta tsaya bakin ƙofa da ledarta a hannu, ta tambaye ni ko muna da dangi a tsibirin. Na ce babu. Ko aiki ne. Na ce ba aiki ba ne. Ta rasa tambaya ta uku, ta rufe ƙofa a hankali.

Na Yaya Sani ya fi ciwo. Mun biya ta Bobigny a hanyar filin jirgin Paris, ya riga ya ɗaure kwalin kayan sadaka da igiya, ya rubuta sunan Baba a jiki. Da ya ji inda za mu, ko ruwa bai ce a ba mu ba. Ya ce, “Uwarki ba ta cika shekara a ƙasa ba, ke kuma za ki je ki shanya jiki bakin ruwa kamar nasara.” Na tambaye shi me ya hana shi zuwa da kansa. Ya ce aiki. Wato aikinsa uzuri ne, aurena ba uzuri ba ne. Ban gaya masa haka ba, kunya ta hana ni fallasa cikin gidana. Har yau ba ya ɗaukar wayata.

A filin jirgi matar da ke awon kaya ta ɗaga balis ɗina da hannu ɗaya, ta tambaye ni ko wannan ke nan. Na ce shi ke nan. Tun da na zo ƙasar nan, ranar ce ta farko da duk abin da ke cikin jakata nawa ne.

Mun bar Paris cikin rigunan sanyi, muka sauka cikin zafi mai gumi. Ko'ina kore shar, duwatsu sun kai gajimare, kuma har kiran salla muka ji daga cikin gari. Amma kar in yi miki ƙarya, kwana ukun farko azaba ne. Ba mu iya hutu ba, Inna. Ni in tashi in gyara gado, in goge ban-ɗaki tas kafin mai aikin otel ta zo, don kar ta ce ƙazama ce ta sauka. Shi kuma ya nufi masallaci neman mazan da zai zauna da su. Rana ta biyu muka tafi kasuwa, muka yini muna sayen tsaraba, wannan na Hajiya, wannan na Yaya, mutanen nan dai da suka juya mana baya. Shi ne kaɗai aikin da muka iya yi tare. Wurin cin abinci kuwa, kowane tebur ana hira, namu sai ƙarar cokali. Na shiga ban-ɗaki na yi kuka, na ce Yaya ya yi gaskiya, na yi biyu babu.

Rana ta huɗu ita ce ranar sadakarki. Da hantsi na karanta miki abin da na iya, na yi miki addu'a har hannuna ya gaji. Daga nan na miƙe na nufi bakin teku, shi yana biye da ni a baya. Na tuna yadda kike kore mu daga tafki da damina, kina cewa, “Ƴaƴana ba na ruwa ba ne.” Ki yafe mini, na shiga. Da doguwar rigata da kallabina, na taka har gwiwa, na taka har ƙugu, ina jin haushin kowa da kowa, har da ke. Sai ƙafata ta faɗa wani rami, dutse ya zame, ruwa ya rufe ni.

Ina ɗagowa ina tari na ji an ƙwala kira.

“Rabi!”

Inna, kin san mutumin nan da kunya. Da ina amarya “ke” yake ce mini, da na haihu na koma Maman Nana. Tun muna saurayi da budurwa ban sake jin sunana a bakinsa ba. Sai ga shi ya faɗo ruwa da kaftani da takalmi, salula a aljihu, shi da bai iya iyo ba ko na taku ɗaya. Ya cafke ni ya ɗaga, muka tsaya muna haki, sannan muka lura ruwan ko ƙirjinsa bai kai ba. Wata tsohuwar nasara tana tsaye gefenmu riƙe da ƙugu tana kallon ikon Allah. Dariya ta kama ni har na sake zamewa.

Shi bai yi dariya da wuri ba. Muka zauna a kan rairayi jiƙe sharkaf. Can ya ce tun da Nana ta tafi yake jin nauyin shigowa gida, don gani yake na gaji da shi, yana so ya rage mini kaya. Na ce ni kuma na ɗauka shi ne ya gaji. Muka yi ta magana har azahar ta kusa wucewa. Ya ba ni labarin ranar da iskar guba ta tsiyaya a wurin aikinsu shekarun baya, ya dawo gida bai faɗa mini ba don kar hankalina ya tashi. Ni kuma na gaya masa ba na son miyar kukar da nake yi masa duk Juma'a. Ya ce shi ma ba ya so, don ni yake ci. Shekara ashirin da biyu, Inna, muna shan kuka don kunyar juna.

Mun dawo cikin sanyi. Ranar Litinin ya mayar musu da takardarsu ba hannu. Ba zan ce mun koma ango da amarya ba, har yanzu akwai ranar da shirun yake dawowa. Amma yanzu in ya dawo muna korar sa.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma shi ne ya tura ni. Bayan sadakar bakwai ɗinki, Baba ya kira ni ɗakinki. Na same shi zaune bakin gadonki yana juya carbinki. Ya ce shekara arba'in da uku yana ƙofar gida yana jin mata suna shewa ta bayan katanga, kowa na cewa babu mai ba da labari kamar ke, shi kuwa bai taɓa jin ko ɗaya ba. In ya shigo sai ki yi shiru ki gyara lulluɓi. Ya ce, “Rabi, ba ni ɗaya daga ciki.” Na ba shi na ranar da akuyarki ta bi ki har gidan biki. Ban iya shi kamar ke ba. Ya yi dariya kaɗan, sannan ya juya fuskarsa bango ya ce in ja masa ƙofa.

Ban ga laifinki ba, ban ga nasa ba, haka kuka tarar. Amma na rantse a ranar cewa babu ranar da mijina zai kira Nana ya roƙe ta ta gaya masa wace ce uwarta. Duk mai son ya yi fushi da ni a kan wannan, ya yi. In an sake mayar da ni Disamba, tsibirin zan sake tafiya.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya karɓi sadakar da aka yi da wadda na yi daga nesa. Allah ya huci zuciyar Yaya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, in kuma lokacinsa ya yi, ya sada ku a Aljanna a ɗaki ɗaya, ki zaunar da shi ki ba shi labaran nan da bakinki, tun daga na farko.

Wassalam.

Taki har kullum,
Rabi