Manhajarku Ta Kulle Mini Ɗaliba a Mataki na Uku

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar koyon lissafi ta makarantarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ni malamin lissafi ne a wata sakandare da ke Barade, nan Jalingo. Na fito fili ne don na gaji da aika koke ta cikin manhajar, kullum amsar ɗaya ce: an gode, ana dubawa.

Maganar a kan Jummai ce, ɗalibata 'yar aji biyu. Iyayenta manoma ne a Iware, tana zaune wurin gwaggonta a Majidaɗi. Na daɗe ina shan ƙurar alli, ban taɓa ganin kai irin nata ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ta riga ta hango amsa. In na ce ta yi bayani, sai ta bi wata hanyar da babu ita a littafi, ta kuma ɓullo daidai.

Na farko, yallaɓai, manhajarku hanya ɗaya tak ta sani. Dole yaro ya rubuta layi bayan layi yadda kuka tsara. Wanda ya tsallake layi don ya riga ya gama shi a ka, an ba shi jan maki ko da amsarsa daidai ce.

Na biyu, ta ɗauki sauri a matsayin laifi. Duk amsar da ta zo da wuri, sai ta ce ana zargin satar amsa, ta mayar da yaro farkon mataki. Tun zangon farko Jummai ta maƙale a mataki na uku. 'Yan ajinsu da take koya wa a gindin mangwaro lokacin hutun tara sun kai na bakwai, har suna tsokanarta da Hajiya Mai Uku. Amsar wa za ta sata, alhali ita ake leƙa wa?

Na uku shi ne ya fi ci mini rai. Ba ku bar wa malami ko maɓalli ɗaya da zai ce na san yarinyar nan, a buɗe mata ba. Na je wurin shugaban makaranta, ya ce hannunsa a ɗaure yake, sunayen masu zuwa gasar lissafi ta ƙarshen zango daga jerin manhajar za a ɗauka, kuma daga mataki na shida ake farawa. Na ce a gwada ta a takarda, ya ce yarjejeniyarsu da ku ba ta yarda ba. Na kira wakilinku na nan gari, ya ce shi sayarwa kawai yake yi. Kowa ya yarda yarinyar ta iya, ba mai ikon cewa ta wuce. Ni da nake malaminta na zama ɗan kallo a ajina, kuma wallahi abin yana min ciwo.

Buƙatuna kaɗan ne. Ku ba malami damar buɗe mataki ga ɗalibin da ya sani. Ku bar amsar da ta yi daidai ta tsaya, ko ta wace hanya aka zo. Ku cire wa Jummai wannan zargi kafin a rufe sunaye a ƙarshen watan nan.

Ina roƙon ku hanzarta, don makon jiya na lura ta sami tata dabarar. Sai ta ga amsa, ta naɗe hannu tana kallon taga, ta bar lokaci ya wuce kafin ta danna. Wani wurin ma da gangan take kuskure. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, idan na yi kamar ban iya ba, shi ne yana barina na wuce." Jiya ta shiga mataki na huɗu, manhajarku ta yi mata tafi. Shekarunta goma sha uku, kuma wannan ne abin da ta koya a wurinku.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka ga wannan takarda da idonka, ya kuma raba 'ya'yanka da ranar da za su ɓoye basirarsu don a bar su su wuce.

Wassalam.

Malam Sale,
Barade, Jalingo.