Na Nuna wa Tsohuwa Gidan da Ba Nasu Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, ko da faɗa ne ki yi mini, don wannan karon bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni kowa a garinmu ya san ni da tsokana. Tun a makarantar allo malam yake cewa bakina ya fi karatuna gudu. Amma ba lungun da ban sani ba, shi ya sa duk wanda ya yi baƙi ni yake kira in zaga da su. In kai su tsohuwar gada, da tankin ruwa, da tashar jirgin ƙasa da aka rufe. Abin da ban sani ba sai in ƙirƙiro. Agogon tashar da ya tsaya a ƙarfe huɗu, na sha ce wa baƙi matar shugaban tasha ce ta daka masa tsawa. Su yi dariya, ni ma in yi.

Wata uku da suka wuce mijin yayata ya haɗa ni da wata tsohuwa da 'yarta, malamar asibiti. A garinmu aka haifi tsohuwar, ta bar shi tana 'yar shekara tara. Ita ba ruwanta da gada, gidansu take nema, bayan tasha, mai bishiya a ƙofa. Anti, na san an rushe layin nan an yi gidan mai. Amma ga rana, ga ta tana jan ƙafa, ga yunwa na cina. Sai na tsaya a ƙofar wani mai gyaran rediyo inda akwai bishiya, na ce ga shi nan. Har na ƙara da cewa har yau tsofaffi na maganar kirkin babanta. Jira nake su gano ni mu yi dariya.

Sai ta dafa bangon ta fashe da kuka. Ta ɗebi ƙasar wurin ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Ɗana, yadda ka kai ni gida, Allah ya kai ka." Na kasa cewa amin.

Makon jiya 'yar ta kira ni. Tsohuwar ta rasu, hoton da aka ɗauke ta jikin bangon yana rataye a ɗakinta. Kuma ƙarshen wata 'yar za ta kawo jikoki in nuna musu gidan. Na faɗa wa mijin yayata gaskiya, ya ɗauka tsokana ce, ya ce in daina wasa da mamaci. Ko tubana ba mai yarda da shi. Wadda zan roƙa gafara ta tafi. Yanzu ko hanyar tashar ba na iya bi.

Mai Tsokana da Ya Yi Shiru

AMSA

Ƙanena, ba zan ce maka ba komai ba. Tsohuwar ba za ka sake samun ta ba, abin zai zauna maka a rai, kuma ya kamata ya zauna. Gaskiya ne ta tafi da farin cikinta, amma ba tausayi ya sa ka yi ba, kai da bakinka ka faɗa, don haka kada ka fake da wannan. Ka nemi gafarar Allah, ka riƙa yi mata addu'a.

Jikokin kuwa suna raye, kada ka maimaita musu. Ka fara zama da tsofaffin ma'aikatan tasha, ka tambayi daidai inda gidan yake a da, da ko akwai wanda ya san mahaifinta. In ba wanda ya tuna, haka za ka faɗa. Mai zagawa da baƙi dole ya iya cewa "ban sani ba."

Sannan ka kira 'yar tun kafin su taso, ka gaya mata komai ba tare da kare kanka ba. Tana iya kashe wayar ta daina ɗauka har abada, kuma ba ta yi laifi ba. In kuma ta zo, ka kai su gidan man nan, ku tsaya ko da a gefen famfo ne, ka nuna musu ƙasar da kakarsu ta taka.

Allah ya jiƙanta, kai kuma ya ba ka ƙarfin buga wayar nan.